Abin da 'Yan Aji Biyar Suka Rubuta

Litinin, bakwai saura kwata na safe

Na riga mai shara isowa. Ruwan ranar Asabar ya shigo ta tagar nan da ba gilashi ya jiƙa mini rabin bangon kalmomi. Kwalaye goma sha ɗaya sun lalace, tawadar ta zubo har ƙasa. Mako uku na yi ina yanka kwalin sabulu ina rubuta su da maka, biron nan mai kaurin baki, kalma ɗaya a kwali ɗaya, jimlarta a ƙasa. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da harshe da insha'i a makarantar nan, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ina roƙon gilashin taga ɗaya.

Kujerar Tsinke babu kowa. Yau kwana biyar. Ita ce 'yar siririyar nan ta layin gaba, mai ɗaukar ƙamus ɗinmu guda ɗaya tilo tana karantawa lokacin tara kamar littafin labari. An faɗa a taron safe cewa santsi ne ya kwashe ta a matakala ranar Laraba, a yi mata addu'a. Mun yi.

Litinin, bayan tashi

Darasin yau tun farkon zango na tsara shi, yana nan a rubuce cikin littafin tsarin darasina, da sa hannun Shugabar makaranta. Ina rubuta wannan ne don in tuna wa kaina.

Matsalar 'yan aji biyar ɗaya ce: kalma uku suke rayuwa da su. Abu, yi, sosai. Abu ya faru, sai aka yi abu, aka ji tsoro sosai. Tun watan jiya na rubuta ukun a takarda na jefa a tsohon gwangwanin alli na rufe, na ce an binne su, duk wadda ta tono ɗaya maki biyu sun tafi. Yau muka yi tsanin aikatau. Na zana tsani a allo, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi: taɓa, tura, bangaje, hankaɗa, wurgar. Na sa Monita ta fito da jakarta tana gwada kowanne a kan tebur, suna ta dariya. Da muka zo mataki na huɗu dariyar ta ɗauke.

Wata daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, shi santsi a wane mataki yake?"

Na ce santsi ba aikatau ba ne. Na goge allon tun kafin a kaɗa ƙararrawa.

Laraba, sha ɗaya da rabi

Rubutun minti goma. Kowace Laraba muke yi: in ba da kan magana, su rubuta ba tsayawa, ba goge-goge. Yau na ba su "Abin da idona ya gani a makon jiya". Na ɗauka kasuwa zan samu, da faɗan masu mota, da akuyar maƙwabta. Ko kuma ban ɗauka komai ba. Ban sani ba.

Babu wadda ta ɗago kai. Har 'yan bayan nan da layi biyu ke gagararsu sun roƙi ƙarin minti biyar. Sai ƙarar biro kawai kake ji. Na tsaya a bakin ƙofa, ban je wajen taga ba.

Laraba, bayan la'asar

Littafi hamsin da bakwai na kwaso gida cikin kwali. Arba'in da ɗaya matakala suka rubuta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rubutun ya yi kyau. Tunda nake ban taɓa samun irinsa daga wannan ajin ba. Ba "abu" ko ɗaya. Wata ta rubuta ƙarar da takalmin ya yi shi kaɗai bayan mai shi ta riga shi isa ƙasa. Wata ta ƙirga matakalar, goma sha huɗu. Monita kuwa ta rubuta: "Ba bangazarta ya yi ba, domin bangaza da kafaɗa ake yi. Hannu biyu ya sa." Ta ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta biyo baya, ta mataki na huɗu a tsanin, kamar yadda na koya musu su riƙa ja a ƙarƙashin sabuwar kalma.

Dukansu malamin horo suka ce. Ba wadda ta ɓoye.

Jan birona yana hannuna har aka kira magariba, ban sa maki ko ɗaya ba. Baban yara ya shigo ya ce yau kuma malamar ta yi sanyi, ko yaran sun fi ƙarfinta ne. Ya tuna mini Yaya Babba zai zo cin abinci ranar Juma'a kamar kullum.

Yaya Babba shi ne malamin horo. Wan mijina ne, shi ya riƙe shi tun yana ɗan shekara tara da mahaifinsu ya rasu. Shi ya kai takarduna makarantar nan da hannunsa. Na rubuta wannan ma don in gan shi a rubuce.

Alhamis, lokacin tara

Ban mayar musu da littattafan ba. Na ce ban gama dubawa ba.

Juma'a, biyar na yamma

Yaya ya zo. Ya ɗaga Auta sama yana juya ta tana ƙyalƙyala dariya. Ya ce da ni, matar ƙanena mai manyan kalmomi, yau wace kalma za a zuba mana a miya. Ya ci, ya ƙara. Ya yi ta labarin yaran zamani, ba kunya ba tsoro, ka yi wa yarinya magana ta tsaya tana kallon tsakiyar idonka tana mayar maka. Baban yara yana ta gyaɗa kai.

Kwalin yana ƙarƙashin gadonmu, taku shida daga inda yake zaune. Na kawo ruwan wanke hannu na zuba masa.

Litinin, goma na safe

Shugaba ta kira ni ofis. Ta sa na zauna, ta tambayi yara, ta tambayi ciwon ƙafar surukata, sannan ta ce ta ji ana wani sabon salon rubutu a aji biyar. Na ce ba sabo ba ne, shekara uku ke nan, ita ma ta yaba shi gaban sufeto bara. Ta ce bara daban. Ta ce jarrabawa saura wata biyu, abin da zai fito an san shi: wasiƙa zuwa ga kawu, yadda na yi hutuna, amfanin ilimin 'ya mace. In rubuta musu samfuri a allo su kwafa su haddace, kamar yadda ake yi a kowane aji. Rubutun ganin dama kuma a dakata da shi.

Daga ƙarshe, tana gyara takardun gabanta, ta ce in kawo littattafan ofis za a duba yadda nake ba da maki. Na ce suna gida. Ta ce gida ai ba wata ƙasa ba ce.

Wa ya faɗa mata? Ko ma waye. Yara hamsin da bakwai, kowace da uwa da ƙawa.

Talata, bayan tashi

Na rubuta wasiƙa zuwa ga kawu a allo, tun daga adireshi har "naka mai biyayya". Suka kwafa a fallayen takarda tunda littattafansu suna wurina. Kawu hamsin da bakwai, duk an gaya musu ana nan lafiya ƙalau, karatu yana tafiya daidai. Hannuna ya yi fari da alli, kaina yana sarawa.

Da zan fita Monita ta biyo ni baranda ta ce insha'in nan na Laraba, sun ci ne ko sun faɗi. Na ce ta koma aji.

Laraba, biyu da kwata

Mahaifin Tsinke yana bakin ƙofar makaranta da na fito. Bakanike ne, da kayan aikinsa ya zo, ya goge hannunsa a wando kafin ya gaishe ni duk da ba hannu za mu yi ba. Ya ce hannunta na dama ne, ya karye wuri biyu, likita bai yi alkawarin yatsun za su riƙe biro kamar da ba. An ɗinke mata ƙeya. Ya ce yarinyar nan da ba ta rufe baki a gida, yanzu in ka tambaye ta yadda aka yi sai ta juya fuska bango. An kai masa takarda daga makaranta ya sa hannu cewa tsautsayi ne, bai sa ba tukuna. 'Yar maƙwabtansu ta ce masa 'yan ajin sun rubuta wani abu, yana wurina.

Ya ce, "Malama, ba faɗa na zo ba. So nake kawai in san abin da ya sami 'yata."

Na ce masa lokacin da abin ya faru ina cikin aji. Ya dube ni ya ce to, ya yi godiya, ya tafi.

Gaskiya na faɗa. A aji nake.

Alhamis, lokacin tara

Malamar Lissafi ta ja kujerarta kusa da tawa a ofishin malamai tana motsa shayinta. Mun yi shekara tara tebur ɗaya. Ta ce in daina wahalar da kaina, in miƙa littattafan, ko in ce ruwa ya jiƙa su, ai kowa ya san tagata. Ta ce hannun yarinya ba zai ɗoru don an kori mutum ba, ni kuma ina da aure da 'ya'ya uku a cikin dangin nan. Ta ce ita shi ya sa take son darasinta, ba a taɓa kiran kowa ofis saboda bakwai sau takwas ba.

Na yi dariya don ta ji daɗi. Shayina ya huce ban sha ba.

Juma'a, biyar na yamma

Yaya bai zo ba. Na dafa da shi.

Asabar, bayan azahar

Baban yara ya sani. Yaya ya kira shi jiya. Ya shigo ɗaki ya rufe ƙofa, abin da ba ya yi da rana. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya ce ashe kwana goma muna kwana a kan abin da zai tozarta ɗan'uwansa ban gaya masa ba. Ya ce rubutun yara ne, yara kuma in ɗaya ta ce ta ga aljani duk sai su ce sun gani. Ya ce Yaya ya rantse masa hannu kawai ya ɗaga, ita ta ja da baya. Ya tuna mini wanda ya bar karatunsa don shi ya yi nasa, wanda ya kwana a asibiti ranar da na sha wahalar haihuwar Auta. Duk na sani. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Na ce littattafan na yara ne, ba nawa ba ne balle in bayar. Ya ce to ni kuma ta waye.

Lahadi, sha ɗaya na safe

Inna, surukata, ta aiko a kira ni. Na same ta ƙafa a kan matashi. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta riƙe hannuna ta ce ita ba ta taɓa ɗaukata suruka ba. Ta ce ta san ɗanta yana da zuciya, tun yana ƙarami haka yake, amma saura shekara huɗu ya yi ritaya, kada a ce a hannun 'yar gida ya ƙare. Ta ce ita ba ta iya karatu ba, ba ta san me ke cikin takardun ba, kuma ba ta son sani.

Na shafa mata maganin ƙafar na dawo.

Litinin, takwas na safe

An cire bangon kalmomi. Mai shara ya ce umarni aka ba shi, wai kwalaye suna tara ƙwari. Ya tara mini su a lungu, ya ɗaure da igiya, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin. Bangon ya koma fari da tabon gam layi-layi.

A tebur na tarar da takardar tuhuma: in yi bayani cikin kwana biyu dalilin fita daga manhaja da riƙe kayan makaranta a gida. Akwai kuskuren rubutu uku a cikinta. Da ƙyar na hana kaina sa jan biro.

Talata, sha biyu

Tun safe ake kiran 'yan ajina ofis, biyar-biyar. Su dawo ba sa kallon kowa. Wai takarda suke sa wa hannu cewa lokacin suna cikin aji, ba su ga komai ba. An ce musu wadda ta ƙi, sunanta ba zai shiga jerin masu jarrabawa ba. Monita ta fi kowa daɗewa. Da ta dawo idonta ja, da tawada a babban yatsanta.

Mahaifin Tsinke ya kai ƙara ofishin ilimi. Kwamiti zai zo Alhamis ta sama.

Laraba, sha ɗaya da rabi

Na saci minti goma a ƙarshen darasi. Na ce su rubuta mini jimla biyar a kan hanyarsu ta zuwa makaranta, abin da ba zai ja wa kowa magana ba. Na karɓa na duba a tsaye.

Na taso. Na ga abubuwa a hanya. Mutane suna yin abubuwansu. Na gaji sosai.

Kusan duka haka. Hamsin da bakwai. Ba mantawa suka yi ba, na san yarana. Sun gane ne cewa wadda ta ce "abu" ba a kiranta ofis. Shekara uku ina jan su daga ramin nan, mako biyu ya mayar da su, kuma da taimakona. Me zan rage musu maki a kai? Ni da na ce wa uban yarinya "lokacin da abin ya faru".

Alhamis, lokacin tara

Kaina. Kaina. Na sha magani biyu bai sauka ba.

Asabar, huɗu na yamma

Na je duba Tsinke. Na ce wa Baban yara kasuwa zan je, na kuma biya kasuwar don kada ta zama ƙarya.

Ɗaki biyu ne a bayan garejin mahaifinta. Mahaifiyarta ta rasa inda za ta ajiye ni, ta share kujera sau biyu. Yarinyar tana kan katifa, hannun a naɗe har kafaɗa, an aske mata gefen kai. Ta ƙara ramewa, ban san akwai sauran inda za ta rame ba. Tana koyon rubutu da hagu a bayan tsohuwar kalanda, haruffan kamar na 'yar aji ɗaya. Ta tambaye ni kalmomin wannan makon guda biyar. Na rasa yadda zan ce mata babu, sai na ƙirƙiro mata biyar a take, ta sa na rubuta mata da manyan baƙi.

Da mahaifiyarta ta fita ɗebo mini ruwa, ta ce ita latti kawai ta yi, da malamin horo ya ɗaga bulala ta ce masa ta tsaya kai ƙanenta asibiti ne, ya ce tana mayar masa da magana. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Malama, na gan ki a taga. Kafin in tafi ƙasa, ke na gani."

Ba da zargi ta faɗa ba. Kamar mai ba da labarin ta ga mota ta wuce. Mahaifiyarta ta shigo da ruwan, na sha duka.

Lahadi, bakwai na safe

To, bari in rubuta, tunda littafin nan ba mai karanta shi.

Tagar ajina tana kallon matakala. Ranar Larabar ina tsaye a wurin ina jiran su gama kwafar jimloli. Na ji muryarsa kafin in gan shi. Na ga ya mayar da bulalar hammata don hannunsa biyu su samu sarari. Na ga inda ya sa su. Na ga ƙafarta ta nemi matakalar ba ta samu ba. Yaran sun taso sun cika tagogi, ni kuma abin da na fara cewa shi ne kowa ta koma mazauninta.

Ƙasan busasshe ne. Ba a yi ruwa ba sai Asabar.

Kwana goma sha takwas ina ɓuya a bayan littattafan yara. Ina cewa in an matsa sai in miƙa su, su yi magana a madadina, 'yan shekara goma sha shida. Ni malamarsu in tsaya gefe in ce ai ba ni na rubuta ba.

Litinin, bayan la'asar

Kwalin ba ya ƙarƙashin gado.

Na ɗaga katifa, na duba saman sif, na duba har kicin kamar mahaukaciya. Baban yara yana zaune a falo yana kallon talabijin ba sauti. Na tsaya a kansa. Ya ce ya kai wa Yaya da safe bayan na fita, kuma ya yi ne don ya sauke mini nauyi, yanzu ba abin da za a tambaye ni. Ya ce wata rana zan gode masa.

Na tambaye shi ko ya buɗe ko guda ɗaya ya karanta. Ya ce a'a.

Na shiga kicin na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Talata, lokacin tara

Shugaba ta yi mini murmushi a baranda. Ta ce a manta da takardar tuhumar nan, an yi ta ne cikin gaggawa. Ta ce har ta yi magana a kan gilashin tagata.

Laraba, shida na yamma

Na goge kayan da zan sa gobe. Na ƙona hannun rigar. Na goge wata.

Alhamis, uku da rabi

Mutum uku suka zo, maza biyu da wata dattijuwa mai tabarau, ita ke rubutu. A ɗakin karatu aka zauna. Yaya yana gefen Shugaba cikin fararen kaya. Mahaifin Tsinke yana can ƙarshe shi kaɗai, ya sa riga mai tsabta da ta yi masa yawa.

Shugaba ta miƙa takardun da yara suka sa wa hannu. Da aka tambayi littattafan insha'i ta ce ruwa ya lalata su, kowa ya san tagar ajin, an riga an zubar. Aka kira yara uku, har da Monita, kowace ta ce tana aji, kanta a ƙasa. Ni aka kira ƙarshe, don cika ƙa'ida kawai, har ɗaya daga cikin mazan ya fara rufe fayil ɗinsa. Dattijuwar ta tambaye ni ko gaskiya ne ruwa ya ci littattafan. Na ce a'a, mijina ne ya ɗauka ya kai wa wansa. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce to me yaran suka rubuta. Na ce a bar yaran, an tsorata su, ni a tambaye ni, ina tsaye a taga.

Ta ce, "Yarinyar faɗuwa ta yi?"

Na ce, "Hankaɗa ta ya yi. Da hannu biyu, a ƙirji. Ƙasan kuma a bushe yake."

Dattijuwar ta sa na maimaita a hankali tana rubutawa. Yaya ya kira ni da sunan da yake kirana a gida, sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Ban juya ba. Mahaifin Tsinke ya sa fuskarsa cikin tafin hannunsa.

Da na fito na zauna a kan matakalar. Sai daga baya na lura a inda nake zaune.

Juma'a, goma na safe

Ba wanda ya amsa gaisuwata a ofishin malamai sai Malamar Lissafi, ita ma da ka. An ɗauke kofina daga inda ake ajiye kofuna an sa shi a kan taga.

Litinin, bayan tashi

An dakatar da Yaya har a gama bincike. Wasu na cewa canjin wurin aiki kawai za a yi masa, wasu na cewa ritayar dole. An sake kiran yaran gaban dattijuwar ba tare da Shugaba ba, an ce wannan karon sun yi magana.

Ni kuma an ɗauke ni daga aji biyar, wai don a kwantar da hankali kafin jarrabawa. An ba ni aji ɗaya, yara tamanin da shida a ɗakin da aka gina wa arba'in, rabinsu ba sa bambanta babban baƙi da ƙarami. Wanda ya karɓi ajina ya riga ya cika allo da amfanin ilimin 'ya mace, na gani da na wuce. Ban samu na yi musu sallama ba.

Tsinke ba za ta zauna jarrabawar bana ba. Mahaifinta ya zo karɓar takardunta, zai mayar da ita wata makaranta in hannun ya warke. Ya tsaya daga nesa ya ɗaga mini hannu. Na so in je in ba shi haƙurin abin da na ce masa a bakin ƙofa, ƙararrawa ta kaɗa, tamanin da shida suna jirana.

Laraba, biyar na yamma

Inna ta ce kada in ƙara taka mata gida. Ta aiko da sauran maganin ƙafar da na saya mata.

Kwana shida Baban yara bai yi mini magana ba. Yana ci, yana fita, yana dawowa. In yana son wani abu sai ya gaya wa babbar 'yarmu ta gaya mini, muna ɗaki ɗaya.

Asabar, bayan magariba

Baban yara ya je gidan Yaya yau da yamma. Babbar 'yarmu ce ta raka shi, ita ta ba ni labari: sun yi sallama sau uku, matar Yaya ta leƙo ta ce ba ya nan, ga takalmansa a bakin ƙofa. Babansu ya tsaya a waje kusan rabin awa sannan suka juyo.

Ya shigo ya zauna a tabarma. Na ajiye masa abinci na koma gefe ina ninke kayan yara. Ya yi loma biyu ya ce gishiri ya yi yawa. Kwana tara ke nan, wannan ce maganar farko. Na ce gobe zan rage.

Ya ci gaba da ci. Can, idonsa a kan kwano, ya ce, "Da idonki kika gani?"

Na ce, "Da idona."

Ya daɗe bai motsa ba, lomar tana hannunsa. Sannan ya kai ta baki, ya cinye abincin tas, ya ɗauki kwanon da kansa ya kai kicin.